Fagen Kokawa Ma Aji Ne: Lacca ga Malamai da Iyayen Yara a Jibiya



Duk wanda ya bi ta Magama, bakin iyaka, da hantsi ya ga abin da ya tara mu. Yara 'yan shekara sha uku zuwa sha biyar suna kai-kawo tsakanin motoci, wannan na dako, wancan na talla, alhali tsararsu na aji. Da aka rufe iyaka a Agustan 2019, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ɗan abin da suke samu ya yanke, amma ƙarfin jikinsu yana nan. Matashin da ba mu samar wa ƙarfinsa aiki ba, wani zai samar masa, kuma mutanen Jibiya ba sa bukatar a faɗa musu su wa ke jira a daji.

Shawarata ita ce mu shigar da kokawa makarantunmu da tsari, da malami, da doka.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun fara gasar kokawa ta takobi a Tawa a 1975, wanda ya fara ɗaukar takobin kuwa Kantu ne na Maraɗi, shi ya sa filin kokawar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Jama'a na kallon kaye, ni kuwa abin da ke biyo bayan kayen nake so malamai su duba. Ƙato ya sha ƙasa a gaban dubban mutane, ga kiɗa, ga guɗa, sai ya tashi ya kakkaɓe yashi ya rungumi wanda ya kayar da shi. Yaron da ya saba da wannan ya rabu da tsoron kunya. Shi ne zai ɗaga hannu a aji ko da zai yi kuskure, shi ne zai sake zama jarrabawar da ya faɗi. Kuma ya koyi abin da ya fi wuya ga mai ƙarfi, wato tsayawa: da alƙali ya busa usur, komai zafin zuciya sai a saki. Ko a dambe, da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, ba a ƙara ko naushi ɗaya.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. Jigoro Kano, wanda ya kafa wasan judo a Tokiyo a 1882, malamin makaranta ne, kuma tarbiyya ya nufa da shi. Tun 2012 Japan ta wajabta irin waɗannan wasanni a ƙananan sakandarenta. Nan kusa da mu, Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a tekwando a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu a 2017. Kafin shi, lambar Olamfik ɗaya tak ƙasar ke da ita, tagullar da Isaka Dabore ya samu a damben zamani a 1972.

Na san abin da ke ran wasu iyaye, kuma suna da gaskiya. Gidajen dambe da yawa ba wurin tura yaro ba ne: ga layu, ga ƙwaya, ga caca. Ni kaina ban yarda a ɗaura wa ɗan makaranta zaren dambe ba, domin dukan kai yana barin lahani a ƙwaƙwalwa, wanda sau da yawa sai an manyanta yake bayyana. Amma kokawa babu duka a cikinta, tekwando kuma da rigar kariya da hular kai ake yin sa, har 'ya'yanmu mata za su iya koya cikin suturarsu a hannun malama mace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In mun bar fagen ga masu sayar da ƙwaya, su za su yi tanƙwarar.

Kuɗin da ake bukata ba shi da yawa. Yashi muna da shi, fili kowace makaranta tana da shi, tsofaffin 'yan kokawa masu mutunci suna zaune a ƙauyukanmu ba wanda ya neme su. Sharaɗi biyu kawai nake roƙo a kafa a kuma tsare: wanda bai zo aji ba ba zai shiga fage ba, wanda kuma ya yi faɗa a waje a dakatar da shi, ko da shi ne gwanin makarantar.

Ina kira ga shugabannin makarantu da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma su zaɓi makarantu biyu ko uku a fara a zango mai zuwa, iyaye kuma su riƙa zuwa kallo. In abin ya kankama, a gayyato ɗaliban Ɗan Isa da Madarumfa na Nijar a yi kokawar zumunci.