Turancin Jami'a da Turancin Kanti

 

Mu da muka zo Abuja da 'yar jarinmu tun kafin gwamnati ta taso daga Legas a 1991, yawancinmu allo da Islamiyya muka yi. Turancin da muke ji, a bakin kasuwa muka tsince shi. Shi ya sa muka dage muka tura yara jami'a, don su riƙe mana alƙalami. To, jama'a, yau ga digiri a gida, amma har gobe sai mun biya wani a Wuse ya rubuta mana takardar neman kwangila.

Ga abin da ya same mu a Dei-Dei. Mun sa wani ɗanmu mai digirin kasuwanci ya rubuta wa masu tayal a Foshan ta ƙasar Sin. Ya zuba Turanci shafi biyu, har mu kanmu ya burge mu, wallahi. Ashe bai faɗi girman tayal ɗin ba, bai sa ranar lodi ba. Kwantena ta iso da ƙanana, mu kuwa manya aka ba mu oda. Wata huɗu kuɗinmu na kwance.

Ba mu ga laifin yaron ba. An koya masa nahawu da dogon insha'i, ya ci jarrabawa. Mai ɗaukar ma'aikaci kuwa layi biyar yake so: kaya kaza, farashi kaza, rana kaza. Yana son wanda zai amsa waya, ya rubuta rasit, ya bi bashi da lafazi mai daɗi ba tare da ya kori mai saye ba.

Akwai ƙofa a buɗe. A Disamba 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda ofishinta ke nan Maitama, ta fito da sabuwar manhaja: kashi 70 cikin 100 daga wajenta, kashi 30 kowace jami'a ta tsara da kanta. Wa zai gaya wa malaman abin da kasuwa ke nema in mu mun yi shiru?

Shawararmu, a naɗa mutum biyar su tattara tsofaffin wasiƙunmu na ciniki, a goge sunaye, a kai wa Jami'ar Abuja su koyar da su. Kuma duk mai kanti ya karɓi ɗalibi ɗaya lokacin hutu. Namu kantin zai ɗauki biyu, in Allah Ya yarda.