Talho Yana Kawo Labari, Wa Zai Ajiye Shi?

Jawabin da aka yi a taron ƙungiyar ƴan garinmu a Diffa, an buga shi domin waɗanda ba su halarta ba.

Gaisuwa ga Bulama da dattawan gari, ga liman, ga iyayenmu mata, ga shugaban ƙungiya da ma'aji. Gaisuwa ta musamman ga ƴan'uwanmu da ke Yamai, da Damagaram, da Agadas, da waɗanda neman abinci ya kai Libiya. Ba ku zo ba, amma wannan takarda za ta same ku, kuma kuɗinku yana cikin asusun da za mu yi magana a kansa.

An ba mu izini mu yi bayani a kan shawarar sayen ordinatar, na'urar da ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce ma kwamfuta. Dattawa sun yi tambaya, sun ce: tun da kowane yaro yana da talho a aljihu, mene ne amfanin a taɓa asusu don wani akwati kuma? Tambaya ce mai kyau. Mu dai kowa ya san mu, muna cikin masu son waɗannan na'urori, har yaran lakwal suna yi mana dariya in sun ga mun kwance tsohon talho muna leƙen cikinsa. To amma kuɗin jama'a ba a kashe shi don sha'awar mushe. Saboda haka za mu faɗi abin da muka gani, ku kuma ku yanke.

Mu fara ba talho haƙƙinsa. Kun tuna ranar 6 ga watan Fabrairu 2015, ranar da aka kawo hari Boso da Diffa. Kwanaki kaɗan bayan nan gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jiharmu. Aka hana hawan moto, aka tsayar da cinikin tattasai da na banda, aka taƙaita sayen takin zamani da man injin ban ruwa. Sai a 2017 aka sassauta ma tattasai, kifi kuma sai 2019. A cikin waɗannan shekaru talho ne ya zama ƙafafunmu. Da shi aka san wane ya kai Kablewa, wane yana Sayam, wane ya kafa bukka a gefen babbar hanya. Da shi ɗa yake kira daga Yamai ya ce a je Nita ko Amana a karɓi na cefane. Kuma saƙon murya na WhatsApp, wanda muke kira bokal, ya buɗe baki ga wanda bai shiga lakwal ba: tsohuwa ta danna ta yi Barbarci, ko Fulatanci, ko Hausa, jikanta ya ji ta a Sabha. Mu da aka horar da mu da Faransanci a ekol normal, mun daɗe muna ganin yadda takarda ke barin iyayenmu a waje. Bokal bai bar kowa a waje ba.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce bokal ba ya ɗauke da sunan mai shi, ba ya ɗauke da kwanan wata, ba ya ɗauke da sunan gari. Murya ce kawai ta wani bawan Allah yana cewa jama'a ku tashi, ruwa yana tafe, ko ku tashi, an gan su. In an tura maka shi yau, agogon talho zai nuna yau, ko da maganar ta shekara uku ce.

Bari mu tsaya a kan ruwa, don a nan ne abincinmu yake. Kumadugu ba a nan ake haifarsa ba. Ruwan sama ne na ƙasar Kano da tuddan Jos, yana bin kogin Haɗeja da kogin Jama'are, su haɗu a wajajen Gashuwa, ya wuce Geidam, ya zo ya zama iyaka tsakaninmu da Najeriya, ya faɗa tafkin Cadi kusa da Boso. A kan hanyarsa akwai madatsun ruwa guda biyu manya a jihar Kano, Tiga ta 1974 da Challawa ta 1992. Shi ya sa damina kan ƙare mana, sama ta yi wasai, amma kogi yana ta hawa. Haka aka yi a watan Oktoba 2019, lokacin da ya tsallake gaɓa ya raba mutum wajen 23,000 da gidajensu, haka kuma aka sake yi a 2022. Ruwan nan a hankali yake tafiya. Tsakanin Gashuwa da Diffa makonni yake yi. Wato Allah ya ba mu lokacin shiri, in labarin ya zo da gaskiya: a kwashe injin ban ruwa, a tsinke tattasan da ya nuna, a cika buhunan rairayi.

Yanzu ku duba wancan gefen. A watan Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri. Babu talhon da hotunan ba su shiga ba. Wanda bai san taswira ba yana iya cewa gobe ruwan yana ƙofar gidansa, ya karyar da tattasansa a kasuwa, ya sayar da akuya don kuɗin mota. Alhali ruwan Alau na kogin Ngadda ne, ba ya zuba cikin Kumadugu. Labarin gaskiya ne, amma ba namu ba ne. Labarin Gashuwa da Geidam shi ne namu. Manomi yana bukatar ya san bambancin, kuma talho ba zai gaya masa ba.

Nan ne ordinatar take shigowa. Ba ta da wayo, kada kowa ya ruɗe ku. Abin da aka zuba mata shi take riƙewa, in an zuba ƙarya ta riƙe ƙarya. Amma ba ta mantuwa, kuma tana jera abu. Akwai ma'aunin ruwa na gwamnati a Bagara, ma'aikatan ruwa suna karanta shi. Mu ma muna iya kafa sanda mai zane a mashigin garinmu. Kowace safiya yaro ɗaya na ajin ƙarshe ya je ya karanta, a rubuta cikin kaye, ranar Juma'a a zuba cikin na'ura: kwanan wata a layi ɗaya, tsawon ruwa a layi na biyu, abin da ɗan'uwanmu na Geidam ya faɗa ta talho a layi na uku. Shekara ta farko ba za ta koya mana komai ba. Bayan shekara biyar za mu iya cewa: in ruwa ya kai wuri kaza a Geidam, kwana kaza ya rage mana. Dattawa sun san wannan a ka, suna faɗin shekarar da ruwa ya kai gindin tsamiya kaza. Muna roƙonsu su zauna da mu su faɗa a rubuta, don yawancin yaran da ke hannunmu yau a sansani suka girma, ba su san tsamiyar ba.

Haka kuɗin buhun tattasai: na bakin gona, na kasuwar Diffa, na Damagaram, mako-mako. In dillali ya ce kasuwa ta faɗi, a buɗe a duba abin da ta yi bara warhaka.

Abu na uku ya fi damunmu mu malamai. A ƙarshen 2015 lakwal wajen 150 aka rufe a jihar nan. Mutane sun gudu da abin da hannu ya ɗauka, takardun haihuwa sun ƙone ko ruwa ya ci. Yaro ya yi shekara shida yana karatu, ranar jarrabawa a ce ina takardarsa. Hoton takarda ba ya maye gurbin takarda, hukuma ba ta karɓar sa. Amma yana ɗauke da lamba, da shekara, da sunan ofishin da ya bayar, kuma da waɗannan ma'aikaci yake gano rajista ya sake yin wata. Muna son kowane gida ya kawo takardunsa a ɗauki hotonsu. A ajiye a wuri uku: cikin ordinatar, cikin ɗan makullin ajiya da ake kira kile a hannun ma'aji, da kile na biyu a hannun wakilinmu na Yamai. Na'ura ɗaya tana lalacewa, ana sace ta, kuma mun ga yadda gari guda yake tashi cikin dare ɗaya. Sai dai a nan akwai amana. Jerin sunayen mutanen gari, a ƙasar da ake rikici, ba abin yawo da shi ba ne. Ba za a sa shi a WhatsApp ba, kuma mutum uku kaɗai za su san kalmar sirrin buɗe na'urar.

Mun yi alkawarin magana a kan lafiya, ga ta a taƙaice. Iyayenmu, talhon nan yana hana ku barci. Mun san gidajen da ake kunna bokal ƙarfe biyu na dare, a ji kukan mutanen da ba a sani ba, a ga hoton gawa, sannan a kwanta ana jiran asuba ido biyu. Mai hawan jini ba ya bukatar wannan. Yaran da muke koyarwa sun ga abin da ya ishe su da idonsu, kada a ƙara musu da talhon babansu; da safe a aji muke ganin sakamakon. Labarin gaggawa na gaskiya kira ake yi, ko a buga ƙofa. Saura yana iya jiran gari ya waye. Sai maganin da ake tallarsa ta bokal. A 2017 ciwon hanta mai sa shawara, wanda likitoci ke kira hepatit E, ya ɓarke a jiharmu, ya fi kashe mata masu ciki. Ta gurɓataccen ruwan sha yake yaɗuwa, kuma abin da aka yaƙe shi da shi sabulu ne, da tsabtace ruwa, da kai mai ciki likita da wuri. Duk wanda ya turo muku sunan ƙwaya ko jiƙo, ku kai wa malamin likita ya gani kafin ku sha.

Saura siyasa, kuma za mu taka a hankali. Jiharmu ta ba ƙasa shugabanni biyu, marigayi Tanja Mamadu ɗan Maine-Sorowa da Mohamed Bazoum, don haka ba baƙin zancen ba ne mu. A zaɓen 2021 dandalin WhatsApp na ƙungiya ya kusa raba zumunci, ƴan uwa ɗaya uba ɗaya suna zagin juna a gaban surukai. Daga 24 ga Fabrairu na wannan shekara aka yanke intanet ɗin talho a ƙasa har wajen kwana goma. Ra'ayinmu shi ne yankewar ta fi cutar da mai jiran aike da mai ciniki fiye da mai tada fitina. Ta kuma nuna mana cewa rezo ba namu ba ne, mai shi yana rufewa ranar da ya ga dama. Abin da ke cikin ordinatar ɗin ƙungiya kuwa yana buɗuwa ko babu rezo. Sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023, an rushe jam'iyyu a watan Maris 2025. Jam'iyyun da aka yi faɗa dominsu sun tafi, wasu gidaje har yau ba su koma gaisawa ba.

Ku kuma san doka. Tun 2019 akwai dokar laifukan intanet. A 2022 an cire ɗauri a kan zagi da ɓata suna, a watan Yuni 2024 aka maido da shi: shekara 1 zuwa 3. Yaɗa abin da aka ce yana iya tada hankalin jama'a kuwa, shekara 2 zuwa 5. A ganinmu wannan kalma ta tada hankali tana da faɗi ƙwarai, kuma ɗan ƙasa yana da haƙƙin tambayar ina aka kwana da rijiya, ina malamin da aka ce za a turo. Amma irin wannan tambaya ƙungiya ta rubuta ta a takarda, da kwanan wata da sa hannu, a kai wa hukuma, a ajiye kwafi. Yaronmu da ke Agadas, wanda ya tura bokal ɗin da bai san mai shi ba, shi kaɗai zai tsaya gaban alƙali. Balle yanzu da ake da na'urorin da ke kwaikwayon muryar mutum har matarsa ta rantse shi ne.

Don haka muna roƙon a amince da ƙa'ida ɗaya a dandalinmu: duk mai yin bokal ya fara da sunansa, da garin da yake, da ranar da yake magana, kuma ya faɗa ko gani ya yi ko ji. In kun ga saƙo da ƴan kibiyoyi biyu a samansa, alama ce ya bi hannu da yawa kafin ya iso, a bar shi inda yake.

Abin da ake bukata bai da yawa. Ordinatar ta hannu, ko ta kwance ce in baturinta yana da rai, faifan hasken rana ɗaya da baturi, kile biyu, da akwatin ƙarfe mai kwado, saboda ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu su ne manyan abokan gabanta. Ma'aji yana da takardar kuɗin kowane abu, zai karanta ta bayan mun zauna. Koyarwa kyauta ce, mun ɗauki nauyinta ranar Asabar da la'asar. Muna neman matasa huɗu, biyu daga ciki mata, don kada aikin ya tsaya ranar da aka canja mana wurin aiki. Ƴan'uwa na nesa su ba wakilinsu amsa, e ko a'a, kafin taro mai zuwa. Masu kawo takardun haihuwa su naɗe su cikin leda.