Haɗin Gwiwar Gwamnati da Kamfanoni: Ina Makomar Yaron Gungu?

 

An ɗora mini nauyin yin magana a kan haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da kamfanoni masu zaman kansu wajen samar da ilimi da kiwon lafiya da sauran ayyukan jin daɗin jama'a. Ma'anarsa a taƙaice ita ce gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfani, ya gina ko ya tafiyar da aikin da a da ita ke yi, sannan ta riƙa biyansa, ko ta bar shi ya riƙa karɓar kuɗi daga masu amfana har tsawon wasu shekaru. Tun 2005 Nijeriya ta yi dokar da ta kafa hukumar ICRC domin sa ido a kan irin waɗannan yarjejeniyoyi.

Mu mutanen bakin tafkin Kainji ba baƙi ba ne ga wannan tsari. An kammala madatsar ruwan a 1968, ruwa ya cinye garuruwa da gonaki da tsibirai, aka tayar da mutane fiye da dubu 40 aka sake musu matsuguni, ciki har da Gungawa da Kambari da Lopawa na ƙasar Yauri. A 2013 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Mainstream jinginar tashoshin lantarki na Kainji da Jebba, kamfanin ya gyara injinan da suka daɗe a tsaye, wutar da ake samarwa ta ƙaru. Wannan nasara ce, kuma adalci ne a faɗe ta. Duk da haka, akwai ƙauyuka a gaɓar wannan ruwa da har yau da fitilar hannu yaransu ke karatun dare, domin samar da wuta daban, raba ta daban, kowane da mai alhakinsa. Darasin da ke ciki shi ne ginshiƙin jawabina: kowa abin da aka rubuta masa a takarda yake yi, wanda kuma aka manta da shi ranar rubutu, an manta da shi ke nan.

Me ya sa ake kwaɗayin kawo tsarin cikin makarantu? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro ilimin shekara tara kyauta, ta kuma ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, amma jiha ba ta taɓa rabonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Mu da ke cikin aji mun san tazarar da ke tsakanin doka da zahiri: rufin da iska ta yaye, yara a zaune a ƙasa, malami ɗaya da aji biyu ko uku. Wanda ya ga haka ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, bai yi ƙarya ba. Sai dai kafin a kira mai taya ɗauka, ya kamata a san ladan da zai nema, da kuma inda zai sauke jinkar.

Wasu sun riga mu gwadawa. A 2016 gwamnatin Laberiya ta miƙa makarantun firamare 93 ga ƙungiyoyi da kamfanoni takwas. Masu binciken da suka bi diddigin shirin sun tabbatar cewa karatun yara ya ɗan inganta. Sun kuma gano cewa a makarantun kamfanin Bridge an ƙayyade yawan yaran kowane aji, waɗanda suka yi rara suka rasa gurbi, an kuma sallamo malamai da yawa zuwa wasu makarantun gwamnati, ga shi kuɗin da aka kashe a kan kowane yaro ya ninka na gwamnati sau da yawa. Sakamakon ya yi kyau a takarda, amma nauyin da aka sauke a nan, can aka jibge shi.

A fannin lafiya, ƙasar Lesoto ta buɗe sabon babban asibiti a birnin Maseru a 2011 bisa yarjejeniyar shekara 18 da gamayyar kamfanoni. A 2014 ƙungiyar Oxfam ta fitar da rahoton cewa asibitin da rassansa na laƙume fiye da rabin kasafin lafiyar ƙasar, alhali yawancin jama'a a karkara suke. A 2021 gwamnati ta soke yarjejeniyar. Mu kwatanta da kanmu: idan aka ƙawata asibiti guda a Birnin Kebbi da kuɗin da zai sa ungozoma da magani a ɗakunan shan magani na Wara da Ngaski da Shanga, mace mai naƙuda a tsibiri me ta samu?

A gida ma akwai tarihi. A 2006 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta kawo shawarar sa 'yan kasuwa cikin tafiyar da makarantun haɗin kan ƙasa 102, ƙungiyoyin ma'aikata da iyaye suka ƙi, daga baya aka jingine shawarar. Jihar Edo a 2018, da Legas a 2019, sun ɗauki wani salo, inda makarantu da malamai suka ci gaba da zama na gwamnati, kamfani kuma ya kawo darussa shiryayyu a kwamfutar hannu, malami ya bi su layi-layi. Masu yabo na cewa zuwa aiki a kan lokaci ya ƙaru. Tambayarmu ita ce, wanda ya tsara darasi a ofis mai nisa ya san yaron da ya zo aji ɗaya da harshen Gunganci ko Kambarci a bakinsa, yana koyon Hausa kafin Turanci? Malamin da ya yi shekara uku a kwalejin ilimi ya sami NCE an horar da shi ne ya karanci fuskar yaro, ya sauya dabara idan ta ƙi ci.

'Yan'uwa, neman riba ba laifi ba ne ga ɗan kasuwa, sana'arsa ke nan. Amma riba tana bin cunkoson jama'a da hanya mai kyau. Makarantar cikin garin Yelwa za ta sami mai so. Makarantar da sai an shiga kwalekwale, wadda yaranta ke bin iyayensu su idan ruwa ya ja, ko wadda ambaliya ke rufewa da damina, wa zai yi rububinta? Akwai kuma nauyin da babu kamfanin da zai ɗauka. Ranar 17 ga Yunin 2021 da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, cikin wannan ƙaramar hukuma tamu, kowa ya ga cewa tsaron makaranta haƙƙi ne da ke wuyan hukuma. Saboda haka ma'aunin da nake so mu riƙe shi ne yaron gungu. Duk yarjejeniyar da ta kai gare shi abar dubawa ce da idon rahama, wadda kuma ta tsaya a bakin kwalta ba tamu ba ce.

Ina roƙon reshe ya tsaya a kan sharuɗɗa biyar. Na farko, a bayyana kowace yarjejeniya a fili kafin sa hannu, a fassara ta da Hausa, domin ba a cinikin biri a sama. Na biyu, kada a karɓi ko kwabo daga yaro, kada kuma a mayar da wani gida da sunan aji ya cika. Na uku, ɗaukar malami da albashinsa da ƙarin girmansa da fanshonsa su ci gaba da zama a hannun gwamnati, kuma ya kasance mai rajista da hukumar TRCN. Na huɗu, a rubuta sunayen makarantun tsibirai da na lungu cikin takardar, tare da abin da za a yi musu da ranar gamawa. Na biyar, kwamitocin SBMC da wannan ƙungiya su sami kujera a wurin sa ido, a kuma fayyace yadda za a soke yarjejeniya idan kamfani ya saɓa. Waɗannan sun yi daidai da ƙa'idojin Abijan da masana suka amince da su a 2019, waɗanda suka jaddada cewa shigowar 'yan kasuwa ba ta sauke wa gwamnati nauyin ilimi kyauta mai inganci.

Idan an cika sharuɗɗan, fagen aiki a buɗe yake. Muna buƙatar rijiyoyin burtsatse da makewayi, da wutar sola, da gidajen malamai a ƙauyuka, da jiragen ruwa masu lafiya da rigunan kariya. Haɗarin jirgin da ya auku kusa da Wara a watan Mayun 2021, inda rayuka masu yawa suka salwanta, ya isa ya tuna mana cewa hanyar makaranta da ta asibiti a nan sau da yawa ruwa ce. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, abokiyar da ta dace mu ƙwanƙwasa ƙofarta ce.

Wannan ƙungiya tun 1931 take, kuma Gwamna Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, ya taɓa shugabantarta a matakin ƙasa, don haka yarenmu ba baƙo ba ne a gidan gwamnati. Ina ba da shawarar reshe ya kafa ƙaramin kwamiti da zai tattara halin da kowace makaranta ke ciki, daga Wara har tsibirai, mu miƙa wa sakataren ilimi da uwar ƙungiya ta jiha, domin duk ranar da aka zo da maganar haɗin gwiwa a tarar da mu da takardarmu a hannu.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.