Gwangwanin tumatir da hannun yaro



Maganarmu ta yau a kan ƙannenmu ce, 'yan shekara uku zuwa bakwai, da abin da hannunsu ke iya yi idan an bar su. Da yawanmu nan mun ja motar kara ko ta waya a lungu, wadda muka yanka tsohon silifa muka yi mata taya. 'Yan mata kuma sun goya 'yar tsana da tsumman da tela ya zubar. Ba wanda ya kira wannan ilimi, alhali yaron da ya gane sai tayoyi sun yi daidai mota ke tafiya, ya fara lissafi tun bai shiga lakwal ba. Yau fa? Yaro na kuka, mu miƙa mishi salula, ya yi shiru, mu ce mun huta.

Kar wani ya ce wasan shara ne. Ku shiga kasuwar Katako a Yamai, ku ga yadda maƙera ke narkar da gwangwanaye su fito da tukunya. Akwai kuma El Anatsui, ɗan Gana da ya daɗe yana aiki a Nsukka ta Najeriya: marufan kwalabe yake ɗinkewa da wayar tagulla har su zama kamar ƙaton zane, kuma a 2015 an ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Benis, a Italiya.

Kayan aiki suna gidanku. Kwalin sukari, marufan kwalabe, robar ruwa, ƙyallaye, ɓawon gyaɗa. A dama ɗan garin rogo ko fulawa a kan wuta, ya zama abin liƙi. Gawayi ya ba da baƙi, ruwan zoɓorodo ja, bular wanki shuɗi. Ko dala ba ta fita aljihu ba.

Inda muke kuskure, mu manya, shi ne karɓe aikin. Yaro ya yi raƙumi mai ƙafa shida, sai yayansa ya ce kawo in gyara maka. Don Allah ku bar mishi raƙuminsa. Ku tambaye shi ina za shi, me ya ɗauko, za ku sha labari. Yaron da kullum ake gyara wa aiki, wata rana zai ajiye hannu ya jira a yi mishi. Kuma a bar 'yan mata su ƙera mota in suna so, ba a rubuta sunan kowa a jikin waya ba.

Sai dai a kula. Bakin gwangwani yana yanka, babba ya fara daddaƙe shi da dutse. Tsohon batir, robar maganin ƙwari da kwalbar magani, kar su kusanci yaro ko an wanke su. Ƙananan marufai ba na ɗan da ke kai komai baki ba ne, leda kuma ba a ƙona ta don a yi ado.

Abin da muke roƙo kaɗan ne: kowa ya samu kwali ɗaya a gida, a riƙa tara waɗannan kaya a ciki. Ranar da babu lakwal, bayan la'asar, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kira har yaran maƙwabta. Abin da suka ƙera a ɗora shi inda baƙo zai gani, in ya tambaya, mai aikin ya yi bayani da bakinsa.