Ƙera Jita Da Hannu: Jawabi Ga Kafintoci Da Matasan Ikilisiya

 

A majami'u da yawa na ƙauyukanmu akwai jita ɗaya ko biyu a jingine bayan kujeru, fuskarta a tsage ko wuyanta a lanƙwashe. Da kuɗin baiko aka saye ta, wani lokaci ma matasa ne suka yi noman kuɗi suka tara. Kuma a ƙauyen nan akwai kafinta mai yin ƙofa da benci, wanda bai taɓa zaton hannunsa zai iya wannan aiki ba. Shi ya sa muke so mu bi aikin ƙera jita da ku daga farko, har zuwa ɗaurin baki da adon da ake dasa mata.

Muryar jita tana a fuskarta

A ƙasar Sifen an yi wani maƙerin jita mai suna Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892. Siffar jitar da muka sani yau daga hannunsa ta fito. A shekarar 1862 ya ƙera wata jita wadda bayanta da gefenta na kwali ne, fuskarta kaɗai ce katako mai kyau, don ya nuna wa mutane cewa daga fuska murya take fitowa. Masu garaya da gurmi sun san wannan tun dā, domin fatar da aka rufe ƙwarya da ita ce take amsa wa tsirkiya.

Ana fere fuskar jita har kaurinta ya koma milimita 2.5 zuwa 3. Wannan siririn katako shi zai ɗauki jan wayoyi shida. Wayoyin ƙarfe suna ja da nauyin kusan kilo 70, na nailan kusan kilo 40. Don haka ake manna wasu siraran sanduna daga ciki. Torres yakan jera guda bakwai a baje kamar mafici. Kamfanin Martin na Amurka, wanda aka kafa a 1833, shi ya yaɗa tsarin gicciya manyan sanduna biyu, kuma shi ake bi a jitar wayar ƙarfe har yau. Idan sandunan suka yi kauri, murya ta danne. Idan suka yi siranta, fuska ta kumbura. Kada kuma a ɗaura wayar ƙarfe a jitar da aka yi don nailan, domin za ta tumɓuke jakin da wayoyi suke zama a kai.

Katako da lokacin aiki

Fuska tana son katako marar nauyi mai miƙaƙƙen zane. Maƙeran Turai suna amfani da itatuwan ƙasashen sanyi waɗanda ba sa fitowa a wurinmu, amma akan sami danginsu a tsofaffin akwatunan da aka shigo da injuna a ciki. Baya da gefe da wuya kuwa, Allah ya ba mu. 'Yan'uwan maɗaci na kurmin Afirka ta Yamma suna cikin jitocin da ake sayarwa a duniya. Baƙin katakon da yatsu suke dannawa a kai dangin kanya ne, kuma da yawansa daga Kamaru yake fita. A 2011 kamfanin Taylor na Amurka ya shiga mallakar wata masana'antar yanka shi a Yawunde.

Mu lura da madobiya. An sare ta da yawa a Taraba da wasu wurare ana kaiwa Sin, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya take sa ido a kan cinikinsu. Jita ɗaya ba ta cin katako mai yawa. Tsohuwar ƙofa ko karyayyen tebur ya isa, kuma ya fi sabon yanka bushewa. Sabon katako mai kaurin inci ɗaya yana bukatar kusan shekara guda a inuwa.

Masana'antu suna haɗa jita a ɗaki mai danshin iska kashi 45 zuwa 50 cikin 100. Da hunturu danshin iskarmu yakan sauka ƙasa da kashi 20. Katako yana tsukewa in ya bushe, wannan ne dalilin da jitocin kasuwa suke tsagewa a watan Janairu. Saboda haka mu manna sanduna mu rufe akwatin jita da rani. Wadda aka haɗa da rani za ta ɗan kumbura da damina ta koma daidai, amma wadda aka haɗa a watan Agusta, hunturu ba zai bar ta ba.

Gefe da wuya

Ana fere gefe zuwa milimita 2, a yayyafa masa ruwa, a riƙa danna shi a hankali a jikin bututun ƙarfe mai zafi, wanda za a iya zuba wa garwashi a ciki. Katakon zai saki da kansa. Wanda ya yi masa dole, ƙarar karyewa zai ji.

Awon wuya ba ya karɓar "kusan haka". Idan tsawon waya milimita 650 ne, a raba shi da 17.817, a sami 36.5. Nan ƙaramin ƙarfe na farko zai zauna. A cire wannan daga 650, a sake raba abin da ya rage da 17.817 don a sami na biyu, haka har ƙarshe. Na 12 dole ya faɗa a milimita 325, wato tsakiya daidai. A nemi malamin lissafi na makaranta ya duba kafin a sa zarto, domin kuskuren milimita ɗaya mawaƙa za su riƙa jinsa kowace Lahadi.

Ɗaurin baki

Kun ga yadda dukawa suke bin bakin mafici da fata don kada ya warware. Ɗaurin bakin jita aikinsa ke nan. Inda fuska ta haɗu da gefe, ƙarshen katako a buɗe yake. Ta nan yake shan danshi, kuma nan ne yake buguwa da benci ko ƙarfen babur. Ana yanka ɗan gurbi a kewaye, tsayinsa kamar milimita 6, zurfinsa kamar 2, a lanƙwasa siririn katako mai tauri a bututun nan mai zafi, a manna shi a ciki. Sai a naɗe jitar da robar tsohon tib ɗin keke ta kwana, washegari a kankare ya yi daidai da jiki. Amma kafin a rufe akwati a tabbata an manna madogari a kusurwar ciki, domin gurbin nan yana cinye wani sashe na mahaɗar.

A nan ado yake fara shigowa. Baƙin baki a jikin jan maɗaci, da siririn farin layi a tsakaninsu, ya isa ya sa mutum ya waiwaya. Zoben da ake dasawa a kewayen ramin murya shi ma yana hana tsaga ta fara daga bakin ramin. A dasa shi tukuna kafin a huda ramin.

Dashen ado

Dashe ya bambanta da fenti. Ana yanka siffar da ake so daga wani abu mai kaurin kamar milimita 1.5, a ɗora ta a kan katako, a bi gefenta da tsinin wuƙa, a sassaƙe gurbin, a manna ta a ciki, a goge da samfefa har yatsa ya daina jin mahaɗa. In an sami ɗan giɓi, a kwaɓa garin katakon da gam a cike. A waje suna amfani da ɓawon dabbobin teku mai sheƙi. Mu muna da ƙashin saniya da ƙaho, kuma ƙashin da aka dafa ya bushe shi ne mafi kyau ga wuraren nan biyu da waya take hawa. Kada a taɓa hauren giwa, an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989. A rufe hanci lokacin goge ƙashi, domin ƙurarsa tana cutar da huhu.

A fara da ɗigo a gidaje na 3, 5, 7, 9 da 12, waɗanda suke nuna wa mai kiɗa inda yake. In hannu ya faɗa, a sa tauraro ko sunan ƙauye a kan jitar. Fuska kuwa a bar ta, kowane nauyin da aka ƙara mata daga murya ake cirewa.

Daga ina za mu fara?

Gaskiya ita ce, jitar masana'anta ta fi ta hannu araha, kuma dole a sayi wayoyi da ƙananan ƙarafa da kunnuwan ɗaure waya daga birni. Don haka kada wani ya bar yin ƙofa yau. A fara da gyara. Muna roƙon dattawa su tattara matattun jitocin gundumarsu su miƙa wa kafinta ɗaya da yara biyu masu koyo. Su buɗe wadda ta fi lalacewa su ga cikinta, su cire ƙarafanta su ajiye, su gyara sauran, a biya su hakkinsu. Wanda ya gyara biyar ya isa ya gwada ƙera tasa, kuma ta nailan ta fi sauƙin farawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku shugabannin mawaƙa, ku ɗinka wa jita riga, ku raba ta da rana da jikin kwano mai zafi, ku sassauta wayoyi in za ta daɗe a ajiye. Masu katako kuma ku fara jera shi a inuwa tun yanzu, domin ya kai rani mai zuwa.

 Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku.