Guba da Dukiya a Cikin Juji: Darasin Dalma ga Ƙasar Zuru

Gabatarwa



Bahaushe yana da kalmomi da dama na abin da aka gama amfani da shi aka yar. Akwai shara, watau abin da tsintsiya ta tara. Akwai juji ko bola, inda ake zubar da ita. Akwai dusa da ƙaiƙayi, waɗanda suka rage bayan surfe da sheƙa. Akwai katsi, wanda yake kwantawa a gindin marina. Duk wanda ya dubi waɗannan kalmomi da kyau zai ga cewa kusan kowanne daga cikinsu yana da wurin da ake kai shi a ci moriyarsa. Amma akwai wata irin shara ta zamani wadda harshen bai tanadar mata suna ba, domin ba ta wari, ba ta ruɓewa, ido kuma ba ya ganinta. Wannan lacca za ta dubi irin wannan shara, musamman ƙurar dalma da hayaƙin zaiba da suke fitowa daga aikin zinariya, da ɓarnar da suka yi a maƙwabtan ƙasar Zuru, da kuma abin da binciken masana ya gano game da kawar da su da tsamo dukiyar da ke cikinsu.

Juji a Al'adar Gargajiya

Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar nan sun san cewa juji dukiya ne. Manoman karkarar Kano sun daɗe suna shiga birni da jakuna ɗauke da itacen wuta, su komo da mangaloli cike da takin juji, wanda shi ya sa gonakinsu suke ba da amfani kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Magina suna haɗa katsin marina da gashin jima da dafara su yi laso, su shafe soro ko ramin rini da shi, ruwa ba ya ratsa shi. Mata suna tace toka su sami ruwan miya da na sabulu. Maƙeri kuwa ba ya yar da tsohuwar fartanya, sai ya mayar da ita wuta ta fito lauje ko wuƙa.

Wannan hikima duka ta ginu ne a kan abu guda, watau cewa shara aba ce mai ruɓewa, wadda in an ba ta lokaci za ta koma ƙasa. Dalma da zaiba sun saɓa wa wannan ƙa'ida. Dalmar da ta zuba a tsakar gida bana tana nan bayan shekaru ɗari, sai fa in an kwashe ta. Rashin sanin wannan bambanci shi ne ya jawo asarar rayuka a Zamfara.

Abin da Ya Auku a Zamfara

A shekarar 2008 farashin zinariya a kasuwar duniya ya haye dala 1,000 a kan kowane oza, ya kuma ci gaba da hawa. Manoma da yawa a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka koma haƙar dutse. Suna kawo shi cikin gari, a farfasa shi a tsakar gida, a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi, sa'an nan a wanke garin a fitar da zinariya. Abin da ba su sani ba shi ne dutsen da suke niƙawa yana ƙunshe da dalma mai yawan gaske.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF, wadda ake kira Likitoci Marasa Iyaka, suka lura da yawan mace-macen yara a waɗannan ƙauyuka. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai farfaɗiya, sai suma, sai ajali. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, amma magani bai yi aiki ba. Gwajin jini ne ya nuna gubar dalma. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da ma'aikatan lafiya na Nijeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a cikin shekara guda, watau ɗaya daga kowane huɗu. Jimlar yaran da suka rasu a yankin ta haura 400, dubbai kuma suka kamu. A wasu gidaje an sami dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan na ƙasar tsakar gida, alhali iyakar da Amurka ta yarda da ita a wancan lokaci ga wurin wasan yara kashi 400 ce.

Bayan shekara biyar, a 2015, irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, a yankin Shikira, inda yara 28 suka rasu.

Yadda Gubar Take Aiki

Jikin mutum ba ya rarrabe dalma da sinadarin da yake gina ƙashi, saboda haka yakan karɓe ta ya ajiye a ƙashi da haƙori shekaru masu yawa. Yaro ƙarami ya fi babba shiga haɗari, domin yana rarrafe a ƙasa, yana sa hannu a baki, hanjinsa kuma yana tsotse dalma ninki huɗu ko biyar na abin da hanjin babba yake tsotsewa. Mace mai ciki tana iya miƙa wa ɗan tayi dalmar da ta taru a ƙashinta tun tana yarinya. Yaron da ya tsira da rai yana iya tashi da raunin ƙwaƙwalwa, ya kasa fahimtar karatu, malaminsa ya ɗauka daƙiƙanci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Rahoton da asusun UNICEF ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya daga kowane uku a duniya yana da dalma a jininsa fiye da kima.

Zaiba kuwa da ita ake kama ƙwayoyin zinariya daga garin dutse, sa'an nan a ƙona dunƙulen a wuta, zaibar ta tashi hayaƙi, zinariya ta rage. Mai ƙonawa yana shaƙar hayaƙin, abin da ya saura kuma ya sauka a ƙasa da rafi, ya shiga jikin kifi. A garin Minamata na ƙasar Japan aka fara gane cutar zaiba a 1956, da sunan garin kuma aka yi yarjejeniyar duniya ta 2013 don rage amfani da ita, wadda Nijeriya ta tabbatar da shigarta a 2018. Ƙananan masu haƙar zinariya su ne suke fitar da fiye da sulusin zaibar da ɗan Adam yake saki a iska.

Dalilin da Ya Sa Maganar Ta Shafi Zuru

Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu. Ta yi iyaka da Jihar Zamfara ta wani gefe, da Jihar Neja ta wani gefe, watau tana tsakanin wurare biyun da masifar ta sauka. Masana ilmin duwatsu sun lissafa jerin duwatsun Zuru tare da na Anka da Maru da Birnin Gwari a cikin waɗanda suke ɗauke da zinariya a arewa maso yammacin Nijeriya. Jihar Kebbi tana daga cikin wuraren da Gwamnatin Tarayya ta fara shirinta na tsara aikin ƙananan masu haƙar zinariya, wanda a ƙarƙashinsa aka gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari curin zinariya mai nauyin kilo 12.5 a watan Yuli na 2020. Masu haƙa kuma ba su san iyakar jiha ba. Inda aka ji labarin dutse ya yi kyau can suke nufa, su komo gida da buhuna da tufafi masu ƙura.

Yawan dalma yana bambanta daga rami zuwa rami, ido kuwa ba ya iya rarrabe dutse mai guba da marar guba, sai gwaji. Saboda haka hikimar magabata ta dace a nan, da suka ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ban da dutse akwai wasu ƙofofi. Mafi yawan dalmar da ake sarrafawa a duniya batirin mota take tafiya, ga shi kuma batiran lantarkin hasken rana suna ta yawaita a ƙauyuka. In baturi ya mutu, 'yan gwangwan suna fasa shi, su zubar da ruwansa a ƙasa, su narka dalmar a fili. Tozalin gargajiya ma sau da yawa daga dutsen dalma ake niƙa shi. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da ya kamu da gubar ta hanyar tozali, wanda gwaji ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce.

Abin da Bincike Ya Gano

Darasi na farko shi ne magani ba ya amfani in yaro zai koma gida mai guba. Shi ya sa a Zamfara aka fara da kankare saman ƙasar gidaje, aka binne ta a ramuka na musamman nesa da gari, aka zuba sabuwa mai tsabta. Daga 2010 zuwa 2013 an yi wannan aiki a ƙauyuka takwas, ciki har da Dareta da 'Yargalma da Bagega, tare da taimakon sarakuna da masu unguwanni. Matsakaicin dalmar da ke jinin yara ya sauko daga ma'auni 149 zuwa 15 a cikin shekara huɗu. Aikin Bagega ya yi jinkiri har zuwa 2013 saboda jiran kuɗi daga Gwamnatin Tarayya, yara kuwa suna zaune cikin guba duk tsawon wannan jira.

Darasi na biyu shi ne hana haƙa ba ya hana guba, domin talaka ba zai bar abin da yake ci da shi ba. An haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda rashin tsaro, aka ɗage haramcin a ƙarshen 2024. Abin da ya fi amfani shi ne gyara yadda ake aikin. Gwajin da aka yi da masu haƙa a arewacin Nijeriya ya nuna cewa fesa ruwa a bakin injin niƙa yana rage ƙurar dalma a iska da kashi 95 cikin ɗari. In aka haɗa da fitar da niƙa bayan gari, da wanka da sauya tufafi kafin a koma gida, an toshe babbar hanyar da gubar take bi ta isa ga yara.

Darasi na uku ya shafi tsamo dukiya daga abin da aka zubar. Akwai wata 'yar tukunya mai rufi da bututu wadda maƙerin gari zai iya ƙerawa. In aka ƙona dunƙulen zinariya a cikinta, hayaƙin zaiba yakan huce ya koma ruwa, a sake amfani da shi. Mai aiki ya tsira da lafiyarsa, kuɗin sayen zaiba kuma ya ragu. A ƙasar Filifin masu haƙa sun daɗe suna tace zinariya da ruwa su narka ta da sinadarin boras ba tare da zaiba ba. Tarin dusar dutse da ake bari a bakin rami yakan ƙunshi sauran zinariya, wadda za a iya fitarwa a masana'anta mai tsari maimakon a bar yara suna wasa a kai. Dalmar baturi ma ana narka ta a sake sabon baturi sau da yawa ba ta lalace ba, muddin an yi aikin a rufaffen wuri mai tace hayaƙi.

Akwai kuma bincike a kan abubuwan da Bahaushe ya sani tun fil azal. Gawayin ƙashi yana kama dalma a cikin ƙasa ya mayar da ita wani nau'i wanda jiki ba ya tsotsewa da sauƙi. Wata ciyawa ta ƙasar Indiya, 'yar uwar jema wadda ake yin zana da ita, tana jure wa ƙasa mai guba, saiwarta kuma tana riƙe ta kada ruwan sama ya kwashe zuwa rafi. Amma waɗannan dabaru na ƙasa mai ƙaramar guba ne. Inda ta yi yawa babu makawa sai an kwashe.

Aikin da Ke Gaban Ɗalibai da Ma'aikata

Dokoki suna nan. Akwai dokar ma'adinai ta 2007, akwai hukumar NESREA da aka kafa a wannan shekara don kula da muhalli. Abin da ake bukata shi ne aiki a ƙasa. Duba-gari na ƙaramar hukuma ya kamata ya san kowane injin da ake niƙa dutse da shi, ya tabbata ba shi ne ake niƙa dawa da shi ba. Ma'aikacin asibiti in ya ga yara suna farfaɗiya maganin zazzaɓi bai yi musu aiki ba, ya tambayi sana'ar mahaifinsu. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 tana da damar auna ƙasa da ruwan rijiyoyi da hatsin yankin, ta ajiye sakamakon don a riƙa kwatantawa shekara da shekara. Akwai na'urar hannu da take nuna yawan dalma a ƙasa cikin minti ɗaya ko biyu, da irinta aka yi aiki a Zamfara.

Ɗaliban harshe ma suna da nasu rabo. Gargaɗin da aka rubuta da Turanci aka liƙa a ofis ba ya isa kunnen matar da take daka dutse a turmin da za ta daka hatsi. Dole a faɗe shi da Hausa da C'lela, harshen Dakarkari, da sauran harsunan yankin, a rediyo da masallaci da coci da kasuwa da taron bikin Uhola, da kalmomin da za su sa mutum ya gane cewa tsakar gida tana iya zama a share tas alhali guba ce shimfiɗe a kanta.

Kammalawa

Magabata sun ci moriyar juji domin sun san halin kowace shara da inda ya dace a kai ta. Wannan ilmi ne ake bukatar faɗaɗawa ya haɗa da dalma da zaiba. Zamfara ta biya kuɗin wannan darasi da rayukan yara fiye da 400, Neja ta biya da 28. Ƙasar Zuru tana da damar koyonsa ba tare da ta biya irin wannan farashi ba, in hukuma da sarakuna da malamai suka fara gwaji da wayar da kai tun yanzu. Riga-kafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.

Allah ya kiyaye zuriya, ya sa albarka a cikin abin da ƙasa ta ƙunsa.