Giwar Kwamfuta da Buɗaɗɗiyar Manhaja: Kulawa da Gano Matsala

Laccar da aka gabatar a gaban malamai da ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Jos



Duk wanda ya taɓa bin layin cirar kuɗi a Terminus ko a Titin Ahmadu Bello a nan Jos, aka ce masa "babu netwok", ya san zafin tsayawar na'ura. Abin da ba ya gani shi ne mutumin da ke can wani ɗaki yana neman inda aikin ya tsaya. A kan wannan mutum zan yi magana yau, da kuma irin na'urar da manyan bankunan duniya da kamfanonin jiragen sama suka daɗe suna dogaro da ita, wato giwar kwamfuta, wadda aka ƙera don ta ɗauki hada-hada mai ɗimbin yawa dare da rana ba hutu.

Zuriyar da ake amfani da ita yau ta faro ne a 1964, lokacin da kamfanin IBM ya fito da System/360. Shekaru da dama manhajojin da ke tafiyar da ita a rufe suke, sai wanda ya biya kuɗi ke kusantarsu. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubuta babbar manhajar Linux, ya bar ƙofa a buɗe ga duk mai son karantawa ko gyarawa. A ƙarshen 1999 IBM ya saki gyare-gyaren da suka sa Linux ta hau giwar kwamfuta, a 2015 kuma ya fito da LinuxONE, wadda don Linux aka yi ta. Yau nau'ikan Linux irin su SUSE da Red Hat da Ubuntu duk suna aiki a kanta. Ma'anar wannan a gare mu ita ce, babbar manhajar da ɗalibi a Naraguta, nan Jos, ke sa wa tsohuwar kwamfutarsa, ita ce dai ke cikin na'urar da kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin hukumomi.

Sai dai mai kulawa ba zai yi aiki ba sai ya san yadda aka tsara gidan. Ku ɗauki giwar kamar babban gidan haya. Ana raba na'urar gida-gida, kowane sashe da nasa rabon ƙarfi da ma'adana. A cikin sashe ɗaya, manhajar z/VM tana zama kamar mai gida, tana saukar da ɗaruruwan Linux a matsayin 'yan haya, kowa da ɗakinsa, amma rijiya ɗaya suke sha. Saboda haka tambayar farko idan an sami matsala ita ce: a wane mataki take? A ɗakin ɗan haya, ko a hannun mai gida, ko a ginin kansa? Wanda bai amsa wannan ba, zai kwana yana gyaran abin da bai lalace ba.

Bari in kawo matsaloli uku da masu wannan aiki suka saba da su.

Ta farko, an haɗa sabon faifai amma Linux ba ta gan shi ba. Sabon shiga zai ce faifan ya lalace. Gogagge kuwa ya san giwar kwamfuta tana iya ɗaukar dubban na'urori, don haka akan ba Linux jerin waɗanda za ta kau da kai daga gare su. Sai ya duba wannan jeri da umarnin cio_ignore, ya cire lambar faifan, ya kunna shi da chccwdev, ya tabbatar da lsdasd, sannan ya shirya shi da dasdfmt. Muhimmin abu shi ne ya rubuta canjin a inda zai dawwama. In ba haka ba, ranar da aka sake tayar da na'urar faifan zai ɓace, ba kuma wanda zai tuna dalili.

Ta biyu, an sabunta ƙwayar manhajar Linux, na'ura ta ƙi tashi. Sau da yawa dalilin bai wuce an manta da umarnin zipl ba, wanda shi ke rubuta inda za a fara karantawa lokacin tashi. Ita giwa ba ta da allo da madannai a jikinta da za ka zauna ka latsa. Ta tagar kulawa za ka shiga, ka karanta saƙon da ta bari, ka tayar da ita da tsohuwar ƙwaya. Shi ya sa ba a share tsohuwa sai sabuwa ta tabbata.

Ta uku ita ce nauyi, kuma a nan ne hankali ke ruɗar mutum. Aiki ya yi sanyi, sai a ce a ƙara wa Linux ma'adana. A ƙaramar kwamfuta wannan kan yi magani. A ƙarƙashin z/VM yana iya ƙara ciwon, domin Linux takan cika duk sararin da aka ba ta da ajiyar wucin gadi, sai z/VM ta koma kwashe bayanai zuwa faifai don ta samar wa sauran wuri, kowa ya shiga wahala. Mai kulawa zai buɗe manhajar top ko vmstat, ya dubi lokacin da Linux ta yi tana jiran a ba ta damar aiki. Idan lambar ta yi sama, matsalar ba a cikin Linux take ba, a wajen rabo take.

Abin da ya haɗa ukun nan shi ne karatu kafin taɓawa. Na'ura tana faɗin ciwonta a saƙonnin da umarnin dmesg da journalctl ke nunawa. Ka karanta, ka canja abu ɗaya tak, ka gwada, ka rubuta abin da ka yi da lokacin da ka yi shi. Idan manhaja ta faɗi, ka bar manhajar kdump ta kwashi shaida kafin ka sake tayarwa. Kwafin ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, kada ka lissafa shi a cikin abin da ka mallaka. Rigakafi ya fi magani, kuma a wannan sana'a rubutu shi ne rigakafin.

To, ina ruwan Jos da duk wannan? Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975, tana da tarihi a wannan fage. A ƙarshen shekarun 1990 Cliff Missen na Jami'ar Iowa ta Amurka ya koyar a nan, ya ga yadda raunin intanet ke hana malamai da ɗalibai karatu. Daga abin da ya gani aka kafa shirin WiderNet a 2000, aka kuma samar da eGranary, rumbun da ke ajiye ɗimbin littattafai da shafuka a faifai guda don a karanta ba tare da intanet ba. Ƙarancin da aka fuskanta a garin nan ya haifar da dabarar da ta amfani makarantu a ƙasashe da yawa.

Yau ma ba sai mun sayi giwa za mu koyi kiwonta ba. Manhajar QEMU da ta Hercules suna kwaikwayon tsarinta a kan kwamfutar hannu, kuma kyauta ne. Debian da Ubuntu suna da nau'in da ke hawa wannan tsari.

Ina roƙon malamai su ware darasi guda inda za a lalata na'urar gwaji da gangan, a ce ɗalibi ya gano ya gyara, a ba shi maki a kan rahoton da ya rubuta. Ina roƙon hukumomi su daraja ma'aikacin da na'urarsa ba ta faɗuwa, domin shirun da ake ji aikinsa ne. Ku kuma ƙannena ɗalibai, ku kafa ƙananan ƙungiyoyi, ku riƙa karanta saƙon kuskure tare har ya daina ba ku tsoro. Ana iya shigo da na'ura daga ko'ina a cikin wata guda, amma wanda zai riƙe ta shekara ashirin, a ajujuwanmu za a raine shi, kuma wannan nauyi a wuyanmu yake.

 Allah ya ba mu zaman lafiya a Filato da Najeriya baki ɗaya.